Tambayoyin Masu Karatu: Mujallun mako-mako, akwai zurfi kuwa, kuma ɓangaren wa suke?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka shigo wannan karon da yawansu kan magana ɗaya suke, wato mujallun labarai masu fitowa duk mako, na gida da na waje. Na zaɓi waɗanda nake ganin sun wakilci sauran, na ɗan taƙaita masu tsawo amma ban canza ma'anar kowa ba.

TAMBAYA: Baba barka da aiki. Ni ɗalibi ne ina karantar aikin jarida a Kano. Malaminmu kullum cewa yake in muna son zurfin tunani mu riƙa karanta Economist da Time da Newsweek, to ni kuma gaskiya duk wadda na buɗe sai inga labarin da na gani a waya tun ranar Litinin ne suke kawowa ranar Juma'a. Dan Allah ina zurfin yake? Kuma wacce ta fi a cikinsu?

AMSA: Yawwa ɗana, Allah ya yi albarka, tambayarka tana kan hanya kuma malamin naka bai yi kuskure ba, sai dai ya haɗa abubuwan da ba iri ɗaya ba ne.

Lokacin da Henry Luce da abokinsa Briton Hadden suka kafa Time a Amurka a 1923, niyyarsu ita ce su tattaro labaran mako guda su matse su wuri ɗaya sabida mutumin da bai da lokacin bin jaridun kullum. Newsweek ta biyo baya a 1933 da kusan irin wannan tsarin. Kaga kenan tun asali aikinsu taƙaitawa ne da gyara zance, kuma a zamanin da babu talabijin mai labarai dare da rana babu intanet, wannan babban aiki ne. Yanzu wayar da ke aljihunka ta ƙwace wannan aikin, shi ya sa kake jin kamar maimaici suke maka, kuma kasuwa ma ta nuna haka. A 2010 kamfanin Washington Post ya sayar da Newsweek kan dala 1 kacal ga wani attajiri mai suna Sidney Harman wanda ya ɗauki nauyin basussukanta, a ƙarshen 2012 ta daina fita a takarda, sai 2014 ta dawo a hannun wasu masu ita daban. Time kuma Marc Benioff ya saye ta a 2018 kan dala miliyan 190, daga 2020 ta daina fitowa duk mako ta koma duk mako biyu. Har yanzu sukan yi dogon rahoto mai kyau jefi-jefi, amma ba su ne na da ba.

Economist daban take. A Landan James Wilson ya kafa ta a 1843, kuma dalilin kafa ta ma siyasa ne, don ta yaƙi dokokin da suka sa haraji kan hatsin da ake shigowa da shi Ingila. Tun daga ranar har yau aƙidarta ɗaya, a buɗe kasuwa, gwamnati ta rage sa hannu a harkar ciniki, a cire tallafi. Ba ta ɓoyewa, kuma ba ta sa sunan marubuci a kan yawancin rahotanninta sabida tana so ka ji kamar murya ɗaya ce ke magana daga shafin farko har na ƙarshe. Abin da take sayarwa shi ne bayani da hukunci, me ya jawo abu kaza, me zai biyo baya, me ya kamata a yi. In don wannan ne to ita ta fi, kuma zaka koyi yadda ake jera hujja a gajeren rubutu da yadda ake amfani da alƙaluma.

Amma fa ka bambance faɗi da zurfi. Mujallar da zata taɓo ƙasashe talatin a fitowa ɗaya, shafi guda ko rabin shafi zata ba kowacce. Ga gwajin da nake so ka yi da kanka, ka nemo rahotonsu kan wani abu da ka sani ciki da bai, misali matsalar 'yan bindiga a Zamfara ko tsadar abinci a Kano, ka ɗauki biro ka ja layi ƙarƙashin duk wanda aka ji ta bakinsa. Ka duba mutum nawa ne masu sharhi da ke zaune a Legas ko Abuja ko Landan, mutum nawa ne jami'an diflomasiyya da aka sakaya sunansu, sannan mutum nawa ne manoman Zurmi ko Maru ko 'yan kasuwar Dawanau. In ka ga a kan abin da ka sani sun yi shafa-shafa, to ka san cewa rahotonsu kan Biritaniya ko Brazil da kake karantawa kana gyaɗa kai, ɗan can ma zai iya ganin irin wannan giɓin. A watan Mayu na 2000 bangon Economist ya kira Afirka nahiyar da ba ta da fata, a Disamba 2011 bangonta ya ce Afirka na tasowa. Nahiya mai ƙasashe sama da hamsin an yanke mata hukunci sau biyu da kalmomi ƙalilan, kuma duk biyun da cikakken ƙwarin gwiwa aka rubuta su. Ta goyi bayan mamayar Iraƙi a 2003. A zaɓen 2015 ta fito ƙarara ta ce Buhari ya fi dama-dama kan Jonathan. Ka karanta ta, sosai ma, amma ka sani ra'ayi kake karantawa wanda aka shirya da kyau.

TAMBAYA: Malam, ni tsohon ma'aikacin gwamnati ne a Kaduna, na yi ritaya. Abin da ke damuna shi ne yanzu yara suna kiran Tell da TheNews jarumai wai sun yaƙi mulkin soja. Mu da muka karanta su a lokacin mun san irin cin mutuncin da suka yi wa Arewa, duk abin da ya lalace a ƙasar nan mu ne. Don Allah ka faɗa wa yaran nan gaskiya, jarumai ne ko 'yan ɓangaranci?

AMSA: Ranka ya daɗe Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Zan faɗi gaskiyar yadda na fahimce ta, kuma amsata ita ce duka biyun ne, sun yi jarumta ta gaske sun kuma yi ɓangaranci na gaske, kuma in muka ɓoye wa yara ɗaya daga ciki mun cuce su.

Mu fara da asali. Newswatch ce ta buɗe wannan fagen a farkon 1985, Dele Giwa da Ray Ekpu da Dan Agbese da Yakubu Mohammed suka kafa ta, kuma a fili take cewa tsarin Time da Newsweek suka ɗauko, babban labari ɗaya a bango sannan a bi shi da shafuka da yawa a ciki. Ranar 19 ga Oktoba 1986 aka kai wa Dele Giwa wasiƙa mai bam a gidansa da ke Ikeja ta kashe shi, har yau ba a hukunta kowa ba. A Afrilu 1987 gwamnatin Babangida ta rufe mujallar na wata shida sabida ta buga rahoton kwamitin tsara siyasa tun kafin gwamnati ta fitar da shi. Tell ta fito a 1991, waɗanda suka kafa ta irinsu Nosa Igiebor da Dare Babarinsa daga Newswatch ɗin suka ɓalle. TheNews kuma ta fito a 1993, su Bayo Onanuga da Dapo Olorunyomi da Babafemi Ojudu da Kunle Ajibade, kuma labarin fitowarsu yana da muhimmanci, a African Concord suke aiki, mujallar MKO Abiola, suka buga wani labari mai zafi kan Babangida a 1992 aka rufe gidan, Abiola ya ce su ba da haƙuri suka ƙi suka ajiye aiki.

Bayan soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, musamman da Abacha ya hau, mutanen nan sun sha wuya wallahi. Ana kwashe mujallu dubbai daga wurin bugawa, ana rufe ofis, suna taron editoci a ɓoye suna canza maɗaba'a, da aka haramta TheNews suka fito da Tempo suka ci gaba. A 1995 kotun soja ta ɗaure Kunle Ajibade na TheNews da George Mbah na Tell da Chris Anyanwu ta mujallar TSM (The Sunday Magazine) da Ben Charles Obi na Weekend Classique bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulki, abin da suka yi kawai rubutu ne, kuma basu fito ba sai bayan rasuwar Abacha a 1998. Nosa Igiebor ma an tsare shi watanni. Sannan Alhaji kar mu manta da Bagauda Kaltho, ɗan Arewa ne, wakilin TheNews a nan Kaduna, ya ɓace a 1996, sai a 1998 hukumomi suka ce wai shi ne ya mutu a fashewar bam ɗin otal ɗin Durbar, maganar da iyalinsa da abokan aikinsa basu yarda da ita ba. Duk wanda yace wannan ba sadaukarwa bace bai yi adalci ba.

To yanzu ɗaya ɓangaren, wanda kai da ni muka gani da idonmu. Duk wanda ya tsaya wurin mai jarida a shekarun nan ya tuna yadda ake jera mujallun a kan tebur an danne su da dutse, wasu an maƙale su a igiya, jama'a sun yi da'ira ana karatun kyauta, kuma mafi yawan masu tsayuwar nan bango kawai suke karantawa su wuce. Bangon kuwa sau da yawa hoton wani babba ne da rawani ko kakin soja, da manyan haruffa ana maganar masu mulkin Arewa, ko daular Sakkwato, ko 'yan mafiyar Kaduna. A nan ɓarnar take. Ba a raba tsakanin janar ɗin da ke Aso Rock da manomin da ke Giwa wanda ko rijiyar burtsatse bai samu ba, ba a tuna cewa Shehu Musa 'Yar'aduwa a kurkukun Abacha ya rasu a 1997, ko cewa Abacha ne ya tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi a 1996, ko cewa Abiola ya ci Kano a 1993 alhali Bashir Tofa ɗan Kano ne. Da aka zo maganar shari'a bayan Zamfara ta ƙaddamar a 1999, yawancin rahotannin daga nesa aka rubuta su da tsoro da raini, da wuya ka ga an zauna da talakan da ya fito taron ƙaddamarwa an tambaye shi me yake nema. Ni a ganina ƙarya tsagwaronta ba ita ce babbar matsalar ba, zaɓi ne, me aka sa a bango, wa aka tambaya, wane labari aka bi mako shida a jere wane aka taɓa sau ɗaya aka bari.

Ga misali wanda zai taimaka mana mu auna. A Yuli 1999 TheNews ta bankaɗo cewa kakakin majalisar wakilai Salisu Buhari bai yi digirin da yace ya yi a jami'ar Toronto ba, kuma ya ƙara wa kansa shekaru. Mutane da yawa a nan suka ce ai ƙiyayyar Arewa ce, amma labarin gaskiya ne, shi da kansa ya amsa ya sauka. Kuma a shekarar Tell ta taso shugaban majalisar dattawa Evan Enwerem a gaba, ɗan Imo, har aka tsige shi a Nuwamba. Wannan aikin jarida ne mai kyau kuma dole mu faɗa. Amma a shekarar dai aka taso da tambayoyi kan takardun karatun gwamnan Legas na lokacin Bola Tinubu, lauya Gani Fawehinmi ya kai maganar har kotu, kuma jama'a da dama sun yi ƙorafin cewa basu ga irin wancan zafin daga mujallar da ta tona Salisu ba. Yau Bayo Onanuga mai ba shugaba Tinubu shawara ne kan yaɗa labarai. Ban ce wannan ya goge aikin da ya yi a da ba, amma mai karatu yana da haƙƙin ya haɗa waɗannan abubuwan ya yi tunani.

Sai dai Alhaji, da girmamawa, akwai tambayar da mu ma ya kamata mu yi wa kanmu. Muna da namu ai. A 1990 aka kafa Citizen a Kaduna, su Mohammed Haruna da Adamu Adamu da Kabiru Yusuf da Hajiya Bilkisu Yusuf, mujalla mai nauyi wadda zata iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa da kowacce ta Legas, amma 'yan shekaru kaɗan ta yi ta mutu. Akwai Hotline ta Hassan Sani Kontagora, mai kare Arewa ba sassauci, akwai Analyst ta su Dakta Bala Usman mai ra'ayin talakawa wadda ta fi kowa sukar masu mulkin Arewa ɗin. Su ma kowacce da ɓangarenta, wanda ya karanta Hotline ya san ba alƙalanci take yi ba, kuma su ma editocin namu da yawa gwamnati suka shiga daga baya, Adamu Adamu ya yi ministan ilimi daga 2015 zuwa 2023, Mohammed Haruna ya zama kwamishina a hukumar zaɓe. Abin da ya kashe mujallunmu shi ne talla na Legas take, kamfanoni da bankuna can suke, attajiranmu basu ɗauki jarida a matsayin jari ba sai in zaɓe ya matso, mu kuma masu karatu mun fi son karatun kyauta. Weekly Trust da Kabiru Yusuf ya fara a Kaduna a 1998 ita ce ta nuna cewa abin zai iya ɗorewa in an riƙe shi a matsayin kasuwanci, daga ita aka samu Daily Trust aka samu Aminiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in mai ɗakin bai biya an rubuta labarinsa ba, wani ne zai rubuta daga waje yadda ya hango.

Don haka abin da zan ce wa yaran shi ne su nemi tsofaffin kwafin nan a ɗakunan karatu irin Arewa House, su ɗauki mako ɗaya a 1992 ko 1993, su ajiye Tell da Citizen gefe da gefe su karanta yadda kowacce ta ba da labari ɗaya.

TAMBAYA: Malam ina gaisuwa daga Maraɗi, ni malamar makaranta ce. Mu a nan Jeune Afrique muka fi sani. Wasu na cewa bakin Faransa ce kawai kar a karanta ta. Haka ne?

AMSA: Ina amsawa Malama, a gaida mutanen Maraɗi. Jeune Afrique ba gwamnatin Faransa ce ta kafa ta ba, wani ɗan Tunisiya ne Béchir Ben Yahmed ya fara ta a 1960, kuma a farkonta tana tare da masu neman 'yancin kai, daga baya ta tare a Paris. Ta yi shekaru da yawa tana fitowa duk mako kafin ta koma wata-wata a 2020. Zargin da aka daɗe ana yi mata shi ne kusanci da fadojin shugabanni, musamman ta hanyar shafukan musamman da ake yi kan ƙasa kaza waɗanda rabinsu talla ne da gwamnatoci da kamfanoni ke biya, to in gwamnati na cikin manyan masu ba ka talla, zafin alƙalaminka a kanta zai ragu ko ba a ce maka komai ba. Kuma tabbas daga Paris take kallon Sahel, majiyoyinta da yawa jami'ai ne da 'yan diflomasiyya, shi ya sa ta fi ƙarfi kan wa ya gana da wa a fadar shugaban ƙasa fiye da halin da mai noman gero ke ciki a Tasawa.

Amma maganar kar a karanta ta ban yarda da ita ba ko kaɗan. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an dakatar da kafafen yaɗa labaran Faransa RFI da France 24 a Nijar, Burkina Faso ta dakatar da Jeune Afrique ɗin kanta a Satumba na shekarar, kuma abin da hakan ke jawowa shi ne mutum ya rage da murya ɗaya, ta gwamnati, sai kuma jita-jitar WhatsApp wadda ba edita ba mai gyara. Ki karanta ta, ki karanta Sahel Dimanche kina sane cewa ta gwamnati ce, ki nemi jaridu masu zaman kansu na Yamai, ki duba shafin da aka rubuta talla ce da ƙananan haruffa a sama. In kina koyar da manyan ɗalibai ma ki kawo musu rahoto ɗaya daga wurare biyu ki ce su nemo abin da ɗaya ya faɗa ɗayan ya tsallake.

TAMBAYA: Yaya, a taƙaice, akwai mujallar da ba ta da ɓangare in saya? Daga ƙaninka a Zangon Kumasi.

AMSA: Babu ƙanena, kowacce akwai mai ita, akwai masu ba ta talla, akwai garin da editocinta suka tashi. Abin da zaka nema shi ne wadda ke raba labari da ra'ayi a fili, wadda ke faɗin inda ta samo magana, wadda ke tuntuɓar wanda ake zargi kafin ta buga, da kuma wadda in ta yi kuskure take fitowa ta gyara. Ko manyan ma suna faɗawa rami, a Mayu 2005 Newsweek ta buga ɗan gajeren labari kan wulaƙanta Alƙur'ani a gidan yarin Gwantanamo ta dogara da majiya ɗaya da ta sakaya sunanta, aka yi zanga-zanga a Afganistan har aka rasa rayuka, majiyar ta ja da baya, mujallar ta janye labarin, duk da cewa binciken sojan Amurka daga baya ya tabbatar da wasu lokuta da aka yi wa Alƙur'ani rashin ladabi a can. In kuɗinka na mujalla ɗaya ne, ka sayi wadda ta fi zuwa da mutanenta wurin da abin ya faru, sannan ka riƙa leƙa ta ɗaya ɓangaren a intanet.

Masu tambaya kan yadda ake shiga aikin jarida ba tare da digiri ba, ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.